George of the Jungle 2: Arha Ce Ta Kashe Shi Ko Sauya Jarumi?

Abban Khalifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan wani fim da da yawa daga cikinmu suka taɓa gani a faifai ba tare da sun bi ta kan tarihinsa ba, wato George of the Jungle 2, wanda kamfanin Disney ya fitar a watan Oktoba na 2003. Na farkon ya fito a 1997, ya zagaya gidajen sinima, an kashe masa kimanin dala miliyan 55, ya kuma tara sama da dala miliyan 170 a faɗin duniya. Labari ne na wani ƙaƙƙarfan saurayi mai ƙarancin wayo da birai suka rena a kurmi, wanda duk lokacin da ya kama igiyar daji ya yi lilo sai ya yi karo da bishiya. Na biyun kuwa bai ko leƙa ƙofar sinima ba, kai tsaye aka buga shi a kaset da faifan DVD aka kai kantuna.

Brendan Fraser, wanda ya fito a matsayin George a na farko, bai dawo ba, sai aka ɗauko wani da ba a sani ba mai suna Christopher Showerman. Matar George, wato Ursula, ita ma an sauya ta, Julie Benz ta maye gurbin Leslie Mann, haka nan surukarsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu fim ɗin ba su ɓoye wannan ba, domin tun a farkonsa mai ba da labari ya lura cewa fuskar ta canza, sai sabon George ya amsa masa cewa kamfani ne ya yi rowar biyan Brendan Fraser. A ganina ƙarancin kuɗi ba shi ne ya raunana fim ɗin ba. Abin da ya raunana shi shi ne irin wannan barkwanci na faɗuwa da karo da marin fuska a jikin mutum ɗaya yake zaune, kuma idan aka cire mutumin babu abin da ya saura sai sunan. Ina son jin ra'ayinku.

Malam Na Zazzau

Wa alaikumus salam. Abban Khalifa, ka kawo magana mai kyau, amma ina ganin ka raba abubuwa biyu da ba sa rabuwa. Me ya sa aka sauya jarumin in ba don kuɗi ba? Tsakanin 1997 da 2003 Fraser ya yi The Mummy a 1999 da ci gabansa a 2001, farashinsa ya tashi sama, kuma fim ɗin da tun daga teburin lissafi aka yanke cewa ba zai je sinima ba, ba zai iya ɗaukar nauyin irin wannan jarumi ba. Saboda haka sauya jarumi ɗa ne ga arha, ba kishiyarta ba.

Ya kamata kuma mu fahimci cewa wannan ba kuskure ba ne da aka yi sau ɗaya, tsarin kasuwanci ne da Disney ta daɗe tana bi. Tun 1994 ta gwada shi da The Return of Jafar, ci gaban Aladdin, inda Robin Williams bai dawo ba aka sa Dan Castellaneta ya yi muryar aljanin, kuma kaset ɗin ya sayu sosai. A 2003 ɗin nan da muke magana a kai, watanni kaɗan kafin George, ta fitar da Inspector Gadget 2 a kan wannan hanya, French Stewart ya karɓi gurbin Matthew Broderick. Lissafin a fili yake. A wancan lokaci fim ɗin da za a kai sinima yana buƙatar dubban kwafi da kuma tallace-tallacen da wani lokaci kuɗinsu kan kusanci kuɗin yin fim ɗin kansa, sannan a raba kuɗin tikiti da masu gidajen sinima. Wanda za a kai kanti kuwa na farkon ya riga ya yi masa talla kyauta, uwa za ta ga sunan da 'ya'yanta suka sani a kan kwali ta ɗauka ta sa a kwando. Har wurin ɗaukar fim ɗin lissafi ne ya zaɓe shi, domin a jihar Kwinslan ta Ostireliya aka yi shi, a lokacin da dalar ƙasar ba ta wuce rabin dalar Amurka da yawa ba.

Maman Walida

Ni dai a matsayina na wadda ta zauna da yara a gaban wannan fim, ina ganin malaman nan biyu kuna auna shi da ma'aunin da ba don shi aka yi shi ba. Yaro ɗan shekara shida bai san Brendan Fraser ba, bai kuma damu da ya san shi ba. Abin da ya sani shi ne ga wani ƙato sanye da walki, ya kama igiya, an yi masa kashedi, ya maƙale a jikin bishiya ya sulalo ƙasa. Na ga yadda ƙaramar 'yata take rufe ido da tafin hannu tun kafin ya isa bishiyar, tana leƙe ta tsakanin yatsu, domin ta san abin da zai faru kuma shi take jira, idan ya faru kuma ta faɗi a kan tabarma tana dariya har da shaƙuwa. A wurinta maimaicin shi ne daɗin. Shi kuma Showerman, a yi masa adalci, yana da ƙirar jiki da murmushin wauta da rawar ke buƙata, kuma ya yi iya ƙoƙarinsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne labarin. An ɗauke iyalin daga daji an kai su Las Vegas, birnin caca, inda abokin George, wani gwaggon biri mai magana, ya ci bashi har wuya, sannan uwar Ursula ta haɗa baki da Lyle, tsohon saurayin 'yarta, aka kawo mai juya tunani ya sa ta manta da mijinta ta ɗauka Lyle ne mijin. Wannan ba abin da yaro zai bi ba ne, kuma babba ma ba zai ji daɗin yi masa bayani ba. Duk lokacin da aka shiga wannan ɓangare sai yara su fara wasansu, sai an koma faɗuwa su dawo.

Tsohon Ɗan Kofar Wambai

Jama'a ku yi mini uzuri, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma wannan magana ta taɓo sana'ar da na yi shekaru ina yi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda a can Amurka fita kai tsaye a kaset yake zama kamar rage daraja, alhali mu nan masana'antarmu gaba ɗaya a kan kaset aka gina ta, tun daga Turmin Danya a 1990. A wancan zamani ko da an haska fim a sinima na 'yan kwanaki, kowa ya san kuɗin a kasuwa yake. Kuma tsarinmu na lokacin ya fi nasu tsiraici. Furodusa zai buga kwalayen fim ɗinsa ya kawo mana tare da asalin kaset ɗin, mu sayi kwalin, mu sayi kaset fanko, mu jera na'urori muna kwafa dare da rana. Wato abin da furodusa yake sayarwa a zahiri kwali ne. Wanda hotonsa yake kan kwalin shi ne jarin.

To a nan ne na goyi bayan Abban Khalifa. Finafinan camama babu wanda ya kai su arha a wannan masana'anta: kyamara ɗaya, gidan ƙasa a ƙauye, 'yan kwanaki an gama, wani lokaci sautin ma iska ta cinye rabinsa. Amma idan hoton marigayi Rabilu Musa Ibro yana kan kwali, masu sari daga ƙauyuka da garuruwan Nijar ba sa tambayar labarin me aka yi, tambayarsu ita ce guda nawa za su samu. Arha ba ta taɓa hana su sayuwa ba. Da a ce wata rana an buga kwali an rubuta Ibro kashi na biyu, aka sa kaset aka ga wani ne daban sanye da jar hular nan, da washegari an dawo mana da kayan.

Malam Na Zazzau

Alhaji, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya amfane mu, amma akwai bambanci da bai kamata mu tsallake ba. Abin da muke kira kashi na biyu a finafinanmu na zamanin kaset galibi ba sabon fim ba ne. Fim ɗaya ne aka ɗauka a lokaci guda, aka yanka shi biyu a daidai inda rigima ta yi zafi, domin a sayar da kaset biyu maimakon ɗaya. Don haka matsalar sauya jarumi ba ta ma tasowa. Shi kuwa George na biyu shekara shida ne tsakaninsa da na farko, da wani darakta daban, David Grossman a madadin Sam Weisman. Sannan Ibro shi ne ya ƙirƙiri Ibro, sunan da mutumin abu ɗaya ne. George kuwa ya girmi Fraser nesa ba kusa ba, domin tun 1967 Jay Ward ya fito da shi a zanen katun na talabijin, yana kwaikwayon Tarzan cikin zolaya. Kamfani yana da hujjar cewa rawar tasa ce, ba ta jarumin ba, kamar yadda aka sha sauya masu fitowa a matsayin Tarzan ɗin kansa ba tare da duniya ta tashi ba.

Abban Khalifa

Malam, na yarda da kai a kan mallakar rawar, amma ba a kan abin da ke sa mutum dariya ba. Mu duba karo da bishiyar nan da kyau. Karon kansa ba shi ne abin dariya ba, kowa zai iya buga goshi a jikin itace. Abin dariyar yana cikin daƙiƙa biyu kafin karon da daƙiƙa biyu bayansa. Fraser yana tafe a kan igiya ƙirji a buɗe, fuskarsa cike da yarda da kai, kamar bai taɓa yin karo ba a rayuwarsa, idan kuma ya faɗo sai ya miƙe da mamakin gaske, ba tare da ya nuna mana ya san muna kallonsa ba. Wannan rashin sanin shi ne sirrin. Shi ya sa ma mutum yake tausaya masa a wuraren da ba na dariya ba, kamar inda yake ƙoƙarin gane mene ne so. A na biyun kuwa, tun daga barkwancin farko na rowar kamfani, George ya riga ya shaida mana cewa ya san fim ake yi, ya san shi ɗan aro ne. Daga nan duk faɗuwar da zai yi ta zama ta wanda ya san zai faɗi.

Kada kuma mu ɗauka irin wannan wasa aiki ne mai sauƙi. Fraser da kansa ya faɗa a wata hira da Adam Sandler a 2022 cewa tsananin ƙin cin abinci mai sitaci da ya yi don jikinsa ya dace da rawar George ya kai shi har ya tsaya gaban na'urar cirar kuɗi ya kasa tuna lambarsa ta sirri. A wata hirar kuma ya yi bayanin irin tiyatar da aka yi masa a baya da gwiwa sakamakon shekarun da ya yi yana jefa jikinsa a finafinai. Wanda ya taɓa ganin Ibro yana gudun tsoro, ƙafafu na gaba kai na waiwaye, ya san wannan baiwa ce da ba a rubuta ta a takarda a miƙa wa wani. Tun rasuwarsa a watan Disamba na 2014 muna da Bosho da Daushe da Baba Ari da sauransu, kowanne da nasa salon, kuma hikimarsu ita ce ba wanda ya ce shi ne Ibro.

Bintu Damagaram

Yaya Abban Khalifa, ina da ja a kan wannan. Ka ce barkwancin sanin cewa fim ake yi shi ya ɓata na biyun, amma ai na farkon ma cike yake da shi. Mai ba da labarin, Keith Scott, wanda shi ne a duka biyun, tun a na farko yake gardama da 'yan wasan, yana gyara musu magana, yana tabbatar wa masu kallo cewa ba wanda zai mutu a wannan labari. Saboda haka ba sabon abu aka kawo ba, gadon gidan ne. A wurina ma wannan magana ta rowar kamfani ita ce mafi gaskiya kuma mafi ban dariya a cikin fim ɗin baki ɗaya. Sun gaya maka abin da ka saya tun a mintunan farko, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba tukuna, wato Afirkar da ake nuna mana. Tsuntsun George irin na Kudancin Amurka ne mai ƙaton baki, sannan a na biyun har da kangaru a cikin tawagar. Na farkon aƙalla yana da 'yan rakiya baƙaƙen fata, ƙarƙashin Kwame wanda Richard Roundtree ya fito a matsayinsa, kuma su ne masu wayon labarin. Suna magana da Swahili suna yi wa Lyle dariya, shi yana ɗaukarsu ƙauyawan da ba su taɓa ganin kyamara ba, alhali sun fi shi sanin ta. Wannan zolaya ce mai ma'ana. A na biyun rigimar ta koma tsakanin Turawa da dabbobi a kan takardar mallakar wani dutse, kamar ƙasar ba ta da masu ita.

Abban Khalifa

Malama Bintu, gaskiya ne mai ba da labari yana tsoma baki a na farko, amma ki lura da waɗanda suka fi tanka masa: Lyle ne da mafarautan nan biyu, wato miyagun labarin. Zuciyar George an bar ta a wanke. A na biyun shi aka fara sa wa wannan magana a baki, kuma ba a kan labarin ba, a kan albashi. Maganarki ta 'yan rakiya kuwa na karɓe ta hannu biyu, domin tana cikin abubuwan da suka sa na farkon yake da abin da babba zai ɗauka.

Lauyan Unguwa

Tunda an ambaci dutsen, bari in kawo wani ɓangare da ya shafi fagena, domin a wurin masu karatun shari'ar alamar kasuwanci wannan fim ya fi shahara a kotu fiye da a falo. A ƙarshen labarin Lyle ya turo motocin katafila su rusa dajin, dabbobi suka haɗu da George suka tare su. Motocin na kamfanin Caterpillar ne na gaske, da sunan a jikinsu ɓaro-ɓaro. Kwanaki kaɗan kafin a saki fim ɗin, kamfanin ya shigar da Disney ƙara a kotun tarayya da ke Peoria a jihar Ilinoyi, garin da hedikwatarsa take a lokacin, yana neman a dakatar da fitar da shi, bisa hujjar cewa an yi amfani da alamarsa ba izini kuma an ɓata mata suna da aka nuna motocin a matsayin kayan ɓarna a gaban yara. Alƙali ya ƙi ba da umarnin dakatarwar. Daga cikin dalilansa akwai cewa da wuya wani ya sayi faifan don yana zaton Caterpillar ce ta ɗauki nauyinsa, kuma ko yaro ya gane cewa miyagun su ne masu tuƙin da wanda ya aiko su, motocin kayan aiki ne kawai. Aka saki fim ɗin a ranar da aka tsara.

Wannan ma yana da alaƙa da batun arha. Da a ce an kula tun farko, rufe sunan da fenti ko sitika ba zai ci komai ba. Kuma lokacin da ƙarar ta zo an riga an buga faifan an rarraba, don haka dakatarwa a wannan gaɓa asara ce babba, abin da kotu ta yi la'akari da shi.

Maman Walida

Barista, mun gode, ban taɓa jin wannan ba. Yaƙin da katafilolin yana cikin wuraren da yara suka fi so, amma a nan ne kuma ƙarancin kuɗin ya fi fitowa fili. Dabbobin da aka yi da kwamfuta ba su da nauyi a ido, giwar nan da take ɗaukar kanta kare idan ta yi tsalle ba ka jin ƙasa ta amsa. A barkwancin faɗuwa kuwa dole ido ya yarda cewa abu mai nauyi ya bugi abu mai tauri, in ba haka ba dariyar ba ta zuwa. Don haka Alhaji da Abban Khalifa, ina ganin arha tana da laifinta, amma a irin fim ɗin da ya dogara da dabbobi masu magana. Camama ba ta da giwar da za ta zana, jakinta na gaske ne, kwatar da ake faɗawa ciki ma ta gaske ce.

Malam Na Zazzau

Hajiya ta kawo abin da nake ta kewayawa. Camama ta san iyakar aljihunta ta zauna a cikinsa, shi kuwa wannan ya yi ƙoƙarin maimaita fim ɗin dala miliyan 55 da wani ɗan kaso na kuɗin. Kuma mu lura da waɗanda suka dawo. John Cleese ya sake yin muryar birin, aikin da ake yi a ɗakin ɗaukar sauti ba tare da an taka daji ba. Thomas Haden Church ya dawo a matsayin Lyle, kuma a ganina shi ne ya fi kowa riƙe fim ɗin, domin fuskar nan tasa ta mai girman kan da kullum yake kunyata ba ta canza ba. Shekara ɗaya bayan haka ya fito a Sideways har aka sa shi cikin 'yan takarar Oscar, wanda ke nuna ba ƙananan 'yan wasa kaɗai ke shiga irin waɗannan finafinai ba. Wannan kuma, in an duba, yana ƙarfafa maganar Abban Khalifa ta wani gefen, tunda wuraren da suka fi aiki su ne na mutanen da ba a sauya ba.

Tsohon Ɗan Kofar Wambai

Malam, to ai mun haɗu ke nan, sai dai ina da ragowar magana ga Malama Bintu a kan cewa sun faɗi gaskiya tun a mintunan farko. 'Yata, a mintunan farko an riga an biya kuɗi an yage leda. Gaskiyar da ɗan kasuwa yake faɗa ita ce wadda take kan kwali, kuma kwalin wannan fim sunan ne manya-manya da lamba 2, ga wani ƙato da doguwar suma da walki wanda in ba ka ƙura ido ba za ka rantse na farkon ne. Faifan da suka riƙa zuwa mana nan ma sun fi haka, domin masu kwafa kan haɗa finafinai da yawa a faifai ɗaya, na farko da na biyu a jere, wani lokaci da hoton jarumi ɗaya a kan duka biyun. Mai saye ba ya sanin an yi sauyi sai ya kai gida. Mu a rumfa abin da muke lura da shi shi ne wanda ake dawowa a nema bayan faifan ya ƙoƙe, kuma a iya abin da na gani, na farkon ake dawowa nema.